Cokali Ɗaya, Ba Ludayi Ba

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai.

Zuwa ga 'Yar Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ya kai ki ɗakinki lami lafiya, ya sa ki shiga da ƙafar dama. Babanku yana zaure yana fama da ɗinkin 'yan biki, bai ma san ina wannan rubutu ba.

Na san za ki yi mamaki. Gida ɗaya muke, tsakanin ɗakina da naki taku goma bai cika ba, amma ga wasiƙa kamar wadda take wata uwa duniya. To, ya zan yi? Ke ce 'yar fari. Shekara ashirin da huɗu ban taɓa kiran sunanki ba, ban taɓa zaunar da ke na dube ki na yi miki doguwar magana ba. Ina ce miki 'Yar Inna saboda mahaifiyata ce ta raine ki, ke kuma kina ce mini Yaya. Haka muka tarar ana yi a Daura, haka muka yi. Jibi za a kai ki Mashi gidan Nura, mijin da kika zaɓa da kanki, kuma akwai maganar da bakina ba zai iya ba. Shi ya sa na ɗauki biro. Ki yi haƙuri da rubutun, na makarantar manya ne, kamar kaza ta yi tono.

Nasihar haƙuri da biyayya, gwaggonninki za su cika miki kunne da ita har ki gaji. Ni tawa a kan cikinki take. Ciwon nan da ya kwantar da ke kwana tara a asibiti bara bayan Babbar Salla, ni sau uku yana kayar da ni. Na san hanyar da yake bi ya dawo, domin duk dawowar da ya yi, ni na buɗe masa ƙofa da hannuna. Ke sau ɗaya kika gan shi, kuma ba na so ki ga na biyu.

Kin san sana'ata. Tun ina ƙanƙanuwa Inna ta koya mini matsar man gyaɗa da yin ƙuli-ƙuli, har yau kuwa ko a bayan gari aka ce Binta mai ƙuli, an san gidan. A cikin mai na buɗe ido. A wurinmu abincin da ba ya ƙyalli ba abinci ba ne, na marowata ne. Inna, Allah ya jiƙanta, in ta ga miya ba mai a kanta cewa take, "Wannan kuma wa ya mutu?" Da ludayi muke zubawa, ba mu san cokali ba.

Na farko ya kama ni kina 'yar shekara goma sha uku. Da hantsi ne, ina tsakiyar tuyar ƙuli, sai na ji kamar an soka mini ƙarfe a ƙahon zuciya ya ɓulla ta baya. Na yi amai har ba abin da ke fitowa. Kwanciya ta gagara, sai dai in durƙusa in dunƙule, haɓata a kan gwiwa. Maƙwabta suka taru, kowa ya zama likita. Wannan ta ce olsa ce, a ba ni madara. Waccan ta ce a jiƙa kanwa. Aka aika kemis aka sayo farin maganin nan mai kauri. Ni kuma da taurin kai na ce ba inda za ni, ga gyaɗar mutane an niƙo, wa zai matse? Kwana uku ina shan madara mai maiƙo a kan ciwon da maiƙo ne ya tayar da shi. Da Babanku ya ga idona ya faɗa, bai ƙara tambayata ba, ya samo mota.

Wannan shi ne kuskurena na farko, kuma ki riƙe shi da kyau. Kin riga kin san zafin, ba sai an kwatanta miki ba. Ranar da kika ji shi a saman ciki yana ratsawa zuwa baya, ga amai, kada ki tsaya jiran ya lafa, kada ki ci komai, kada ki sha jiƙe-jiƙen kowa, ko da wadda ta kawo ta haifi kakarki. Ki ce da Nura a tafi asibiti a lokacin, ki ɗauki takardunki na bara. Na sa miki su a cikin leda a ƙasan akwatin zannuwa. In ya zama ba shi ba ne, alhamdu lillahi, kuɗin mota kawai aka yi asara.

A can asibiti wata likita ce ta duba ni, 'yar siririya mai tabarau, ba ta da yawan magana. Bayan na farfaɗo ta ɗauko 'yar kwalbar da aka ɗebi jinina ta nuna mini. Wallahi saman jinin fari ne kamar an zuba kindirmo. Ta ce, "Mama, kin ga wannan? Kitse ne." Ta yi mini bayani cewa akwai wata 'yar tsoka doguwa kwance a bayan tumbi, su suna ce mata fankiriyas. Ita ke fitar da ruwan da ke narkar da abinci, musamman maiƙo, ita kuma ke daidaita sukari a jini. In ta kumbura, ruwan da ya kamata ya narkar da abinci sai ya koma yana cin ta ita kanta. Wasu tsakuwar maɗaciya ke jawo musu, wasu giya, ni kuwa jinina ne ba ya iya kwashe kitse da wuri. Ta ce, "Duk kumburin da ta yi, sai ya bar tabo. Ki rage mai ƙwarai, ki sha maganinki, ki riƙa zuwa gwajin jini." Na ce to.

Na dawo gida da niyya mai kyau. Na daina zuba mai a kan tuwo, na daina cin kitse, ina ta yabon kaina. Ashe ban fahimci komai ba. Ni a ganina mai shi ne wanda ake gani yana iyo a kan miya. Alhali kullum ina bakin turmi, in gutsiri tunkuza in jefa a baki don in ji ko gishiri ya ji, in ɗauki ƙuli mai zafi daga kasko in ce ɗanɗano ne. Kafin azahar na ci abin da ya fi kwano. Da safe kunun gyaɗa, da rana ɗanwake wai da ɗan mai kaɗan, da yamma miyar taushe da aka kaɗa da gyaɗa har cokali na tsayawa. Da na koma gwaji likita ta dubi takarda ta dube ni ta ce, "Mama, me kike ci?" Na rantse mata ban taɓa mai ba. Da ta sa na lissafa mata abincina tun daga safe, sai ta cire tabarau ta yi dariya, ni kuwa kunya kamar in nutse.

To ki ji. Mai yana da wurin ɓuya. Yana cikin ƙosai da fanke da waina da awarar da aka soya. Yana cikin tsire da kilishi da balangu, yana cikin fatar kaza, yana cikin agushi da gyaɗa da riɗi. Yana cikin alkaki da dubulan da cincin, waɗanda za a cika miki ɗaki da su a gara. Garar nan ta dangin miji ce da baƙi, ki rabar, ki samu lada da suna. Zaƙi ma ba abokinki ba ne, likita ta ce lemon kwalba da sukari mai yawa su ma kitse suke komawa a jini irin namu.

Kada ki ce to me ya rage. Da yawa ya rage. Tuwo yana nan, da miyar kuka da kuɓewa da karkashi, in daddawa ta ji, albasa ta ji, ba mai tambayar ina mai. Wake yana nan, ki yi alala maimakon ƙosai. Zogale, rama, kabewa, fate, dankali dafaffe, kifi gasasshe ko banda. Kaza ki saɓule fatar kafin ki ɗora. Nama ki zaɓi tsoka zalla, in kin yi farfesu ki bar shi ya huce, kitsen zai taso ya daskare, ki kwashe ki zubar sannan ki ɗumama. Fura kuwa ki dama da tsala, nonon da aka riga aka kaɗe aka cire man, ba kindirmo ba. Kuma kada ki tara yunwa ki zauna ki cika ciki tim. Ki ci kaɗan-kaɗan, sau huɗu ko biyar a yini, ki sha ruwa sosai. Na fi shekara tara a haka, ga ni nan ban mutu da yunwa ba.

Na biyu shi ne wanda ya sa nake jin tsoron tafiyarki. Shekara biyu bayan na farko, jiki ya yi kyau, muka tafi suna Sandamu gidan Gwaggo Lami, yayar Babanku. Kin san ta da son a ci abincinta. Ta kai ni ɗakinta, ta ajiye mini kwano na musamman, tuwon shinkafa da miyar taushe, ta ɗauko ƙwaryar man shanu ta kwarara har tuwon ya nutse. Ga kuma tozo da ta ɓoye mini tun safe. Na ce, "Gwaggo, na ƙoshi." Ta riƙe haɓa ta ce, "Binta, raina mu kika yi? Ko don mu mutanen ƙauye ne abincinmu bai kai ba?" Mata sun cika ɗaki, duk ido a kaina. Kalma uku kawai zan faɗa, likita ta hana, amma na ji nauyin a ce matar ƙaninta mai ciwo ce, na ji nauyin a ce ina iyayi. Na sa hannu na ci. Tana ƙara mini ina ci, ina murmushi, ina cewa ya yi daɗi. Ya kuwa yi daɗi, ba zan yi miki ƙarya ba.

Ko la'asar ba mu kai ba. A kan hanyar dawowa aka tsayar da mota sau uku ina amai, daga nan ba a ma biya gida ba. Kwana goma sha biyu na yi, huɗu daga ciki ba na sanin wanda ke kaina. Da Gwaggo Lami ta zo dubiya, ta zauna a bakin gado tana kuka tana cewa, "Haba Binta, me ya hana ki faɗa mini? Da hannuna na zuba miki!" Kin ji fa. Ita da na ci don kada ranta ya ɓaci, ita ce ta fi kowa ɓacin rai. Har ta rasu ba ta daina neman gafarata ba, a kan laifin da nawa ne.

'Yar Inna, gidan da za ki gidan shanu ne. A can man shanu shi ne girmamawa, shi ne "sannu da zuwa", shi ne "muna son ki". Amarya kuwa kowa so yake ya ga ta yi ƙiba a hannunsa. Za a zuba miki da zuciya ɗaya, ke kuma na san ki, ko ruwa ba ki iya cewa a miƙo miki. Kunyar nan a wurina kika gado. To ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Tun kwanon farko ki faɗa, kada ki bari sai na goma, domin in kin ci na farko kin rasa bakin ƙin na biyu. Ki durƙusa, ki yi godiya, ki ce, "Ina da ciwon da likita ya hana ni maiƙo, a zuba mini ba mai." Ba rashin kunya ba ne. Wanda zai ji haushi zai huce kafin magariba, ciwon kuwa ba ya hucewa da wuri haka.

Bayan na biyu sai tsoro ya kama ni, na yi wani shirmen. Na daina cin komai sai kunu da gayan tuwo. Na rame har zobena yana zamewa, jiri yana ɗibata a bakin murhu. Likita ta yi mini faɗa sosai. Ta ce ita ba ta ce in kashe kaina da yunwa ba, jiki yana bukatar ɗan mai, kuma yana bukatar wake da kifi da nama marar kitse don ya gyaru. Ta ɗauko ƙaramin cokalin da take juya shayi da shi ta ce, "Kamar wannan a kwanonki, ya isa." A hanyar gida na tsaya kasuwa na sayi irinsa. Ke ma kada tsoro ya sa ki ƙi abinci. Ki tambayi likitanki iya naki ma'aunin, domin jiki da jiki ba ɗaya ba ne, sannan ki tsaya a kansa.

Na uku kuwa ba wanda zan ɗora wa, kwaɗayina ne tsagwaronsa. Shekara uku lafiya lau, sai na ce na warke. Na ajiye magani, na daina zuwa gwaji, wai layin asibiti yana cinye mini yini. Azumi ya zo. Kullum in an sha ruwa ina kallon yara suna cin ƙosai, ni ina fama da alala. Ran nan na ce ɗaya dai ba zai kashe ni ba. Bai kuwa kashe ni ba. Washegari na ci uku, shiru. Kafin goma ta tsakiya na koma cin ƙosai da soyayyen dankali da waina a kan cikin da ya yini ba komai. Ciwon nan ba ya gargaɗi, sai ya bar ka ka saki jiki. Ana saura kwana shida Salla ya kayar da ni a bakin rijiya. Kwaɗayi mabuɗin wahala, da ni ake.

Wannan karon bai tafi shi kaɗai ba, ya bar mini baƙo. Ciwon sukarin da kike gani ina yi wa kaina allura saboda shi, daga nan ya samo asali, tabo ya yi wa tsokar nan yawa har ta gaza. Ƙwayoyin da nake haɗiya da kowane abinci kuma, aikin da ta daina yi suke yi mata. Ba na faɗa miki don ki ji tausayina ba, na faɗa ne don ki san abin da ake sayarwa a kan ƙosai uku. Jin daɗin jiki ba warkewa ba ne. Ki sha maganinki ko kina jin kamar ki yi tsere da doki, ki je gwaji ranar da aka sa miki. Kafin azumi ki tambayi likita ko za ki iya, in ya ce a'a, Allah da kansa ya yi wa marar lafiya rangwame. In ya ce e, ki buɗe baki da dabino da ruwa da ɗan kunu, ki yi salla, sannan ki ci abinci marar maiƙo a hankali.

Yanzu saura wanda ya fi mini nauyi. Na ajiye biro sau biyu kafin in iya rubuta shi.

Tun kwanciyata ta farko likita ta ce mini irin wannan jini yana bin dangi, in kawo 'ya'yana a gwada su. Na kai ƙannenki biyu, aka ce lafiyarsu lau. Ke ban kai ki ba. Kina gidan Inna a lokacin, na yi ta tunanin yadda za a gan ni a titi riƙe da hannun 'yar fari, mata su ce Binta ba ta da kunya. Na ce zan sa Inna ta kai ki, ban kuma iya buɗe baki na yi mata maganarki ba. Yau, gobe, har shekara goma ta wuce. Da Inna ta rasu kika dawo gidan nan, kina jin ana cewa olsar Yaya ta tashi, ban taɓa gyara miki ba.

Bara da aka sa ranarki, na dube ki na ga 'yar siririya, na ce kada dangin miji su ce ba a ba ki abinci. Ni da ban iya ce miki "sannu" a gaban mutane, sai na ce bari in faɗa da kwano. Naman Layyar da aka soya aka adana cikin kitsensa, ni na riƙa zaɓo miki masu maiƙo ina turawa ɗakinki safe da yamma, har kwana biyar. Ni da na san abin da kitse ya yi mini! Na ce ai ke yarinya ce, jininki da ƙarfi.

Rana ta shida da azahar na fito na gan ki a kan tabarma a dunƙule, haɓarki a kan gwiwa. Wallahi kallo ɗaya na yi na gane, domin zamana ne na gani. Amma tsakar gida cike take da baƙi 'yan barka da Salla. Maimakon in ruga in ɗaga ki, sai na ce da maƙwabciyarmu, "Ku duba waccan, kamar ba ta jin daɗi." Na koma bakin murhu ina juya tukunya. Suka ba ki kanwa, ina ji. Sai da aka yi la'asar Babanku ya shigo na ja shi gefe na ce a tafi asibiti yanzu. Awa uku na bar ki a kan tabarmar nan saboda kada a ce. A asibiti da aka nuna mana kwalbar jininki da farin nan a sama, na fita waje na zauna a gindin bishiya na yi kukan da ban yi ba ko a mutuwar Inna. Kwana taran nan kina tsammanin gwaggonninki ne kawai ke jinyarki. Ina nan a baranda kullum, daga safe har a kori masu dubiya, ina leƙenki ta taga.

Ki yafe mini. Kunya ado ce, ban ce ki yar da ita ba. Amma duk kunyar da za ta sa a bar mutum cikin ciwo, ba ta Allah ba ce, kuma na gane haka a makare.

Shi ya sa makon jiya na yi abin da ba a yi. Kin tuna ranar Talata da na ce za ni sarin gyaɗa? Mashi na tafi, gidan surukarki Hajiya Dije. Da ta gan ni ni kaɗai ba aike ba sanarwa, sai ta tsorata, ta ɗauka fasawa aka yi. Ta shimfiɗa mini tabarma, kafin mu gama gaisawa an kawo fura da kindirmo, man yana iyo a kai. Na ce a raina, to Binta, ga Sandamu ta dawo. Na ce, "Hajiya, na gode, amma likita ta hana ni, kuma maganar da ta kawo ni ke nan." Na faɗa mata komai, nawa da naki, ina magana ina kallon ƙasa. Uwa ta zo gidan suruka tana maganar 'yar fari da bakinta, ai abin a yi mini waƙa ne.

Hajiya Dije ta ce, "Ikon Allah. Ni kuwa tun watan jiya nake tara mata man shanu, ƙwarya biyu, na ce sai ta yi kumatu a gidan nan." Ta ce, "Yanzu amarya guda a ba ta tuwo gaya kamar 'yar kurkuku? Me mutane za su ce da ni?" Na ce, "Hajiya, 'me mutane za su ce' shi ya sa nake yi wa kaina allura yau." Na nuna mata tabon allurar. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ƙwala wa wata kira ta ce a ɗauke furar nan a damo wata da tsala. Muka sha tare. Tana sha tana yamutsa fuska tana cewa wannan ai ruwa ne, amma ta shanye.

Mace ce mai kirki, ta kuma yi alkawari. Sai dai kada ki dogara da wannan. Gidan babba ne, akwai gwaggonni da maƙwabta da ban gani ba, kuma mai son ka yakan manta ya ce ɗan kaɗan ba komai. Na buɗe miki ƙofa ne kawai, ke za ki riƙa faɗa da bakinki. Ki zaunar da Nura ma ki gaya masa, tsarabar tsire da yamma ba da ke ba. In yana son ya burge ki ya kawo gwanda da lemo da kankana.

In Allah ya kawo rabo, ranar da kika fara zargin ciki ki je asibiti ki faɗa musu tarihinki tun kafin su tambaya. Likita ta ce juna biyu yana ƙara kitsen jini, kuma akwai magungunan da sai an canza. Kada ki sha kowace ƙwaya, ko ta tazarar haihuwa ce, sai likita ya san da ciwonki. Jego kuwa, lokacin da ake ɗura wa mace kitse da romo wai ta mayar da jiki, na riga na gaya wa Hajiya Dije gida za ki zo. Ni zan dafa miki da hannuna, kowa ya faɗi abin da zai faɗa.

Za ki ji wani abu mai tauri a naɗe cikin takardar nan. Cokalina ne, wanda na saya a hanyar dawowa daga asibiti. Bakinsa ya ɗan lanƙwashe, ba shi da kyan da za a jera a kabet, kada ki jera shi. Ki rataye shi kusa da murhu. Na saya miki tukwane da kuloli da faranti kamar kowace uwa, amma a duk kayan ɗakinki wannan ne kaɗai na ba ki da sanin amfaninsa. Ni na sayi wani.

Jibi in an zo ɗaukarki ba za ki gan ni a tsakar gida ba, ina ɗaki kamar yadda aka saba. Kada ki ce ban damu ba. Ta taga zan leƙa, na riga na ƙware.

Allah ya kiyaye hanya, ya tsare ki daga ciwon da na sani da wanda ban sani ba. Allah ya ba ku zaman lafiya ke da mijinki, ya sa surukanki su zame miki iyaye, ya ba ki bakin faɗar gaskiya a gaban kwano. Allah ya sa na farkon nan shi ne na ƙarshe, ya ba ki tsawon rai ki ga jikokinki da lafiyarki.

Allah ya yi miki albarka, Hadizatu. Ga shi na rubuta, kuma ban mutu ba. Hadizatu, 'yata.

Wassalam.

Ni ce mahaifiyarki,
Binta